Kwashe VM zuwa fayil kafin batir ya ƙare: littafin aikin gwaji

Litinin, 8 ga Satumba 2025

Muna da saba biyu, wato manyan kwamfutocin aiki, a ɗakin na'urori, kowace tana ɗauke da kwamfutocin cikin kwamfuta, wato VM, a kan KVM da QEMU, manhajojin da ke gudanar da VM a Linux, libvirt kuma shi ke juya su. Idan aka ɗauke wuta da dare janareto bai tashi ba, mintunan da batiran UPS za su riƙe su kaɗai suka rage mana. A yanzu kashe VM ɗin ake yi ɗaya bayan ɗaya, da safe a tayar da su tun daga tushe, rumbun bayanai ya ɗauki lokaci kafin ya dawo da saurinsa, aikin da aka yanke a tsakiya kuma a sake shi daga farko. Abin da nake so shi ne a tsayar da VM, a juye duk abin da ke ƙwaƙwalwarta cikin fayil, a kashe saba, in wuta ta dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

A wurin QEMU wannan ba wani sabon aiki ba ne. Ƙaura ce irin wadda ake yi wa VM daga wannan saba zuwa waccan, sai dai a ɗaya gefen babu mai karɓa, fayil ne ke jira. Don haka duk sharuɗɗan ƙaura suna nan daram, kuma su zan bi in gwada.

Na'urar gwaji tana kan Debian 13 da ta fito a Agustan 2025, da QEMU 10.0 da libvirt 11.3. Sabobin da muke aiki da su suna kan Ubuntu 24.04 mai QEMU 8.2. Wannan tazarar za ta yi tasiri nan gaba. VM ɗin gwaji na ba ta RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, GiB 64, daidai da babbar VM ɗinmu. Tambayoyi biyu nake neman amsarsu: shin juyewar za ta ƙare batir bai mutu ba, sannan abin da aka tayar daga fayil, shi ne dai abin da aka ajiye?

Laraba, 10 ga Satumba

Na fara da tsohuwar hanya don in sami ma'auni. Shekara da shekaru, mai son ƙaura zuwa fayil sai ya bi ta bututu: `migrate "exec:cat > vm1.mig"`, ko ya miƙa wa QEMU buɗaɗɗen fayil ta `fd:` kamar yadda libvirt ke yi a `virsh save`, umarninsa na ajiye VM a fayil. A QEMU 8.2, Disambar 2023, aka shigo da `file:` kai tsaye, aikin Steve Sistare na Oracle, tare da `offset=` domin manhaja irin libvirt ta rubuta nata bayanin a saman fayil, QEMU ya ci gaba daga ƙasa.

Gwajin farko ya ja jiki sosai, kuma faifai ba shi da laifi. QEMU yana da iyakar gudu, `max-bandwidth`, wadda ta zo a MiB 128 kowace daƙiƙa, don kada ƙaura ta cinye layin sadarwa. Iyakar ba ta san cewa fayil ake rubutawa ba. Lissafin a fili yake: GiB 64 cike da bayanai a wannan gudun daƙiƙa 512 ne, minti takwas da rabi ke nan, na VM guda tak. libvirt yana ɗage wannan iyaka da kansa idan zai rubuta fayil, amma mai magana da QEMU kai tsaye dole ya ɗaga da hannunsa. Na mayar da ita `10G`.

Daga nan na sake gwadawa VM tana aiki, ba tare da `stop` ba, da wata manhaja a ciki tana rubuce-rubuce a RAM ba hutu. QEMU yana zagaye ƙwaƙwalwar, duk shafin KiB 4 da aka taɓa bayan an riga an rubuta shi sai ya sake rubuta shi a ƙarshen fayil. Ba ya tsayar da VM ya kammala sai ya ga ragowar za ta shiga cikin `downtime-limit`, wanda ya zo a milidaƙiƙa 300. In VM ta fi faifai sauri, wannan lokacin ba zai zo ba. Ina kallo fayil ya wuce girman RAM ɗin ya ci gaba da kumbura, sai na soke da `migrate_cancel` kafin ya cika faifan.

Baitoci huɗu na farkon fayil ɗin `QEVM` ne, sai lambar sigar tsari, 3. Duk mai duba irin waɗannan fayiloli ya riƙe wannan.

Asabar, 13 ga Satumba

Yau `mapped-ram`, sabon tsarin rubuta RAM a fayil ɗin ƙaura. Ya shigo a QEMU 9.0, Afrilun 2024. Nikolay Borisov ya fara shi da sunan fixed-ram, Fabiano Rosas na SUSE ya ƙarasa.

Tsohon tsari kamar littafin bashin mai shago ne da yake rubuta kowane ciniki ƙarƙashin na baya: mutum ɗaya zai fito wuri goma, sai ka karanta har ƙarshe za ka san abin da ake bin sa, kuma alƙalami ɗaya ne zai iya rubutu a lokaci guda. A sabon tsari kowa da gurbinsa a littafin, in lissafi ya canza a goge a rubuta a wurin. Kowane shafin RAM yana da adireshinsa tabbatacce a cikin fayil. An sake taɓa shi? A sake rubuta shi a gurbinsa. Saboda haka fayil ba zai zarce girman RAM ba sai da ɗan abin da na'urorin VM suka ƙara.

Kowane yanki na RAM yana da ɗan kai na bayani, sai taswira mai biti ɗaya ga kowane shafi da ke nuna ko an rubuta shi, sai shafukan kansu, waɗanda farkonsu ke daidaita da iyakar MiB 1. Ga GiB 64 shafuka 16,777,216 ne, taswirarsu MiB 2 kacal. Shafin da babu komai cikinsa sai sifiri ba a rubuta shi sam, gurbinsa rami ne a fayil.

Ga abin da na buga a gefen ajiyewa:

```
stop
migrate_set_capability mapped-ram on
migrate_set_parameter max-bandwidth 10G
migrate -d file:/ajiya/vm1.mig
```

A gefen tayarwa kuma ana kunna QEMU da `-incoming defer`, a kunna `mapped-ram`, a buga `migrate_incoming file:/ajiya/vm1.mig`. Tunda a tsaye aka ajiye ta, a tsaye za ta dawo, sai an ce mata `cont`.

Na maimaita gwajin Laraba na VM mai rubutu ba hutu, fayil ya tsaya cak a girmansa. Abin ya burge ni, amma gaskiya mu ba shi ne ribarmu ba, don in wuta ta tafi tsayar da VM za mu fara yi, zagaye ɗaya ya wadatar. Ribarmu tana cikin abin da tabbataccen adireshi ya buɗe: hannuwa da yawa su yi rubutu a fayil ɗaya lokaci guda.

Talata, 16 ga Satumba

Kafin maganar sauri ina bukatar alƙalin da zai ce ƙwaƙwalwa ta dawo daidai. Ganin VM ta amsa `ping` ba shaida ba ce.

Na karanta `migration-test` da ke cikin `tests/qtest` na QEMU, kuma dabararsu ta kwanta mini. Wata 'yar mitsitsiyar manhaja ce ke tashi a VM, ta buga harafin A, sannan ta dinga zagaye RAM daga MiB 1 zuwa MiB 100 tana ƙara ɗaya a kan baiti na farkon kowane shafi, tana buga B lokaci zuwa lokaci. Bayan ƙaura sai a duba: dole duk shafukan su zama lamba ɗaya, in ban da wuri guda inda zagayen ya tsaya, nan lambar za ta sauka da ɗaya. Aka sami wuri na biyu, to wani shafi ya zo da tsohon abu.

Na rubuta irinta babba a C, mai kama GiB 48. Kowane shafi yana ɗauke da lambarsa, da lambar zagaye, da hash, wato lambar tantancewa da aka lissafa daga sauran abin da ke cikinsa, don in kama shafin da ya sauka a gurbin wani da wanda ya lalace a tsakiya. Duk gwajin da zai biyo baya da ita zan yanke hukunci. Tsohon tsari da `mapped-ram` duk sun tsallake.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na ƙara `multifd`, wanda ke raba rubutun ta hanyoyi da yawa lokaci guda. Asalinsa hanyoyi 2 yake buɗewa, ana ƙarawa da `multifd-channels`. A kan faifan NVMe ƙarin hanyoyi ya rage lokaci ƙwarai, har zuwa inda faifan da kansa ya ƙure, daga nan ƙari bai ƙara komai ba sai cin CPU. A kan faifai mai juyawa ban ga amfaninsa ba, kan faifan ne ke ta kai-kawo tsakanin wurare masu nisa. Ke nan fayilolin ajiya NVMe za su zauna, kuma sai an ware musu fili daidai da jimillar RAM ɗin dukan VM ɗin da ke sabar, ba kimanin abin da suke ci ba.

Wani abu mai daɗi: babu alamar `multifd` a cikin fayil ɗin. Na ajiye da hanyoyi takwas na tayar da biyu, lafiya lau.

Sai maganar da ta fi damuna. Rubutu na yau da kullum yana fara sauka ne a rumbun wucin gadi na Linux, wato RAM ɗin mai masauki, sabar da ke ɗauke da VM ɗin, daga baya ya gangara faifai. Sabar da VM suka riga suka cinye mata ƙwaƙwalwa, ka zo ka tura GiB 64 ta wannan rumbu, sai gudu ya dinga hawa da sauka. Mafi muni kuma, a gare mu masu tseren batir, abin da ke rumbun RAM bai tsira ba tukuna. `direct-io` da ya zo a QEMU 9.1, Satumbar 2024, yana buɗe fayil da `O_DIRECT`, shafuka su wuce faifai kai tsaye. Dalilin daidaita gurabe da MiB 1 ke nan, domin `O_DIRECT` ba ya karɓar rubutun da bai daidaita ba. Da shi gudun ya tsaya wuri ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda shi ne abin da nake bukata in iya cewa minti kaza zai isa.

Bayanan na'urorin VM da kan fayil ba su da wannan daidaito, ta rumbu suke bi. Don haka komai `info migrate` ya ce, sai na kira `sync` ya dawo kafin in ɗauki ajiya a matsayin kammalalliya.

Talata, 23 ga Satumba

Ranar ɓarna da gangan. Ina son in san wace irin lalacewa QEMU ke kamawa, wace kuma ke wuce shi.

Tayarwa ba tare da kunna `mapped-ram` ba: ya ƙi nan take, ya ce saitin ɓangarorin biyu bai dace ba. Tayarwa da nau'in inji na daban, an ajiye da `pc-q35-10.0` an tayar da `pc-q35-9.2`: ya ƙi, ya kuma faɗi sunayen biyu. Darasin nan na ranar sabunta manhaja ne. In aka rubuta `q35` kawai a layin umarni, ma'anarsa tana canzawa da kowace sabuwar siga, fayil ɗin jiya ya ƙi tashi yau. libvirt yana mayar da shi cikakken suna a XML, mai rubuta layin QEMU da hannu shi ne zai kula. Na datse wutsiyar fayil da `truncate`: ya ƙi, domin bayanan CPU da na na'urori a ƙarshe suke.

Sai na ɗauki `dd` na zuba shirme KiB 4 a tsakiyar yankin shafuka. QEMU ya karɓa bai ce uffan ba, VM ta tashi, ta amsa `ping`, SSH ya shiga. Manhajata ce kaɗai ta nuna shafin da ya lalace. Tsarin ƙaura ba ya ɗauke da hash na abin da ke cikin shafuka, an gina shi ne bisa amana da layin da ke ɗauke da shi. A nan layin shi ne faifai da awannin da fayil zai kwana a kai. Da a rumbun PostgreSQL shirmen ya sauka, da ya bi hanya ya shiga faifai a matsayin sahihin bayani.

Lissafa `sha256sum` na GiB 64 a kan batir ɓata minti ne da ba mu da shi. Abin da na tsayar: wurin ajiya ya zama tsarin fayil mai duba lafiyar abin da ya rubuta da kansa, irin ZFS ko Btrfs, kuma zan maimaita gwajin `direct-io` a kansu. Hash na hannu sai ga fayil ɗin da za a kwafa zuwa wata na'ura.

Alhamis, 25 ga Satumba

Fayil ɗin ƙaura ba ya ɗauke da faifan VM. RAM ne da yanayin na'urori kawai. Kowa ya san haka a baki, amma ina son in ga illar da idona, don ita ce za ta fi saurin samun mu da tsakar dare.

Na ajiye VM, na tayar da ita, ta yi aiki, ta ƙirƙiri fayiloli ta goge wasu. Na kashe ta, na sake tayar da ita daga wancan tsohon fayil ɗin. Ta tashi sumul. To amma Linux ɗin da ke ciki yana riƙe da taswirar ext4, tsarin fayil na faifansa, ta lokacin ajiya a ƙwaƙwalwarsa: yana ganin wuri kaza fanko ne alhali an zuba sabon abu, yana ganin fayil kaza na nan alhali an goge. Ya ci gaba da rubutu bisa wannan tsohon sani. Ba a jima ba kurakuran ext4 suka fara fitowa a `dmesg`, da na kashe na sa `fsck`, mai duba lafiyar tsarin fayil, kuwa ya tarar da ɓarna mai yawa. Babu inda QEMU ya yi gargaɗi, kuma ba shi da hanyar sani.

Littafin `virsh` ya faɗi wannan ƙarara, cewa kada a tayar da fayil ɗaya sau biyu sai an mayar da faifai yadda yake lokacin ajiya. Shi ya sa `virsh managedsave` ke goge fayil ɗinsa da zarar VM ta tashi. Hatsarinmu ga yadda zai zo: wuta ta dawo, VM suka tashi daga fayil, suka yi aikin rabin sa'a, wuta ta sake tafiya batir bai cika ba, saba ta mutu ba a yi sabuwar ajiya ba. In tsohon fayil yana nan kuma tsarin tayarwa ya gan shi, mun lalata faifai da hannunmu. A garin da wuta ke zuwa ta koma sau da dama a dare ɗaya, wannan ba hasashe ba ne.

Ƙa'ida ta farko a rubutun da zan yi: a tayar da VM a tsaye, a kawar da fayil, a kira `sync`, sannan a ce mata ta ci gaba. In wani abu ya faru a tsakani, gara VM ta tashi daga tushe kamar wadda aka zare wa fulogi, ext4 da PostgreSQL sun san yadda za su farfaɗo daga wannan. Don gwaji kuwa ina ɗora sabon qcow2, wato fayil ɗin faifai da zai ɗauki canje-canje, a kan faifan asali kafin kowace tayarwa, in jefar da shi bayan an gama.

Talata, 30 ga Satumba

`ls -l` yana nuna girman RAM gaba ɗaya, `du` yana nuna abin da aka rubuta da gaske. A sabuwar VM tazarar babba ce. A wadda ta kwana tana aiki kusan babu, domin Linux yana cika RAM da abin da ya karanta daga faifai. `drop_caches`, da ke sa Linux ya saki wannan rumbu, bai taimaka ba: ya saki shafukan amma bai mayar da su sifiri ba, QEMU kuma abin da ke ciki yake dubawa. Abin da ya yi aiki shi ne `freePageReporting='on'` a kan virtio-balloon, inda VM ke sanar da mai masauki shafukan da ta saki, shi kuma ya zubar da su. Da wannan, `drop_caches` kafin ajiya ya rage abin rubutawa sosai. Sai dai VM za ta tashi rumbunta fanko, wanda rabin dalilin aikin nan shi ne guje wa hakan. Zan yi shi ga ƙananan VM, ban da ta rumbun bayanai.

Wajen kwafi a yi amfani da `cp --sparse=always` ko `rsync -S`, don kada ramukan su cike. Filashi mai FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil da ya kai GiB 4 ma.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na hau libvirt, tunda da shi za a yi aikin gaske. Tun siga 11.2, Afrilun 2025, ya san tsarin `mapped-ram`, ya sa masa suna `sparse`:

```
virsh save vm1 /ajiya/vm1.save --image-format sparse --parallel-channels 4 --bypass-cache
```

Yana tsayar da VM da kansa, ya rubuta kansa mai farawa da `LibvirtQemudSave`, ya haɗa da XML ɗin VM ɗin, wanda `virsh save-image-dumpxml` ke fitarwa. Wannan ya kashe matsalar nau'in inji. Manhajata ta tabbatar da RAM bayan `virsh restore`.

Na duba `libvirt-guests` ko zai ɗauke mini rubuta komai. Da `ON_SHUTDOWN=suspend` yana ajiye kowace VM lokacin kashe saba, amma ɗaya bayan ɗaya, don `PARALLEL_SHUTDOWN` na kashewa ne kawai, kuma ba ni da ikon cewa wace ta fara. Ni kuwa ina son ta rumbun bayanai ta fara shiga fayil tun batir na da ƙarfi. Saboda haka zan yi nawa rubutun, `upssched` na NUT, manhajar da ke sa ido kan UPS, ya kira shi in saba ta daɗe a kan batir fiye da lokacin da janareto ke ɗauka ya tashi.

Agogo ma sai an kula. VM tana farkawa da lokacin da aka ajiye ta. chrony, mai daidaita agogo, a Debian ya zo da `makestep 1 3`, wato yana yarda ya yi tsalle idan bambanci ya wuce daƙiƙa ɗaya, amma a gyare-gyare uku na farko kawai bayan ya tashi, daga nan sai jan ƙafa a hankali. VM da ta kwana awa shida a fayil za ta daɗe tana bayan duniya, Kerberos, tsarin tantance masu shiga, kuma bambancin minti biyar kawai yake yafewa. Da qemu-guest-agent a ciki, `virsh domtime vm1 --now` ya gyara nan take. Haɗin TCP da ke buɗe duk sun mutu, manhajojin da suka iya sake haɗawa sun dawo da kansu, ɗaya tamu ta cikin gida ba ta iya ba, na rubuta wa masu ita.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na nuna wa shugaban sashenmu. Tambayarsa ta farko: "Malam, to wannan fayil, duk abin da ke cikin kan na'urar yana ciki ke nan?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, yallaɓai, har da mabuɗan sirri." Na rubuta wata kalma a cikin VM, na ajiye, na sa `grep` a kan fayil ɗin a gabansa, ta fito. Mabuɗin LUKS, wato na ɓoye faifai, na faifan da VM ta buɗe ma a RAM yake zaune, don haka yana cikin fayil. libvirt yana rubuta shi mallakar root da izinin 0600, amma wannan ba zai hana wanda ya zare faifan ya tafi da shi ba. Mun tsaya a kan cewa wurin ajiyar kansa sai an rufe shi da ɓoyewa, kuma ba zai shiga kwafin da ake fitarwa waje ba. Ɓoyewar za ta ci wani abu daga gudu, don haka awon 19 ga Satumba sai an sake shi.

VM ɗaya ba za ta shiga tsarin ba. An ba ta katin PCI kai tsaye ta VFIO, katin kuma ba shi da goyon bayan ƙaura, QEMU ya ƙi tun kafin ya fara. Ita kashe ta za a ci gaba da yi.

Babban abin da ya rage shi ne sabobin aiki. QEMU 8.2 yana da `file:` amma ba shi da `mapped-ram`, libvirt 10.0 da ke tare da shi kuma bai san `sparse` ba. Ko dai mu zauna da tsohon `virsh save --bypass-cache` mai hanya ɗaya, ko mu ɗaga saba ɗaya zuwa Debian 13. Na nemi a ba ni saba ta biyu don in ɗaga ta ranar Asabar, bayan an kwashe VM ɗinta zuwa ta farko. A ranar kuma zan cire UPS daga bango, saba tana ɗauke da cikakken nauyi, in auna mintunan da batiran nan ke bayarwa a yanzu, don lambar da ke jikin kwali ta lokacin da suke sababbi ce. Da wannan lambar zan saita lokacin `upssched`, in kuma ga VM nawa za su shiga fayil, nawa za a kashe.